Daga Wuri zuwa Kwabban Roba: Yadda Agogo Ya Hau Teburin Karta

Duk wanda ya san Abuja bayan an tashi daga ofis ya san kartar garin ita ce Whot. A gindin bishiya kusa da tashar Jabi, a rumfar masu wankin mota a Kubwa, a ɗakunan ɗalibai a Gwagwalada, za a tarar da mutum huɗu ko biyar sun kewaye benci, wannan na ihun "fik tu", wancan na cewa "janar maket", kowa ya miƙa hannu ya ɗebo. Wanda ya manta bai ce "las kad" ba, tara ta hau kansa, ko da shi ne babba a wurin.

Mutane da dama sun ɗauka wasan ɗan gida ne, alhali baƙo ne. Wani Bature mai suna William Henry Storey, mutumin Southend a Ingila, shi ya yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓe shi. A can ya yi zamaninsa ya kwanta, a nan ya samu gindin zama. Kwalin da ake sayarwa a Najeriya karta 54 ne, masu da'ira da alwatika da kuros da murabba'i da tauraro, lambobinsu daga 1 zuwa 14 ban da 6 da 9, sai biyar masu lamba 20 da ke hawa kan kowace.

Whot na da wata falala da ba a cika lura da ita ba: da kansa yake ƙarewa. Wani zai zubar da kartarsa cikin 'yan mintoci, a ƙirga, a sake rabo ko a watse. Foka, wadda samarin Abuja suka fara sani ta fim da talabijin da wayar hannu, ba haka take ba. In ba a sa mata linzami ba, tana iya kai mutane asuba. Kusan duk dokokin da ake bi yau wajen shirya gasarta, a otal ko a falon gida, an ƙirƙiro su ne don a tilasta mata ta ƙare.

Matsalar kuwa tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Tun kafin a ga takardar karta, ana caca da wuri, wato kuɗin zamanin da kansu. A watsa su ƙasa, a duba nawa suka kife nawa suka buɗe, mai sa'a ya kwashe. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da liyar azurfa guda, don haka ɗan caca na iya zama da tsibin kuɗi a gabansa mai ɗaukar ido. Wurin zamansu sananne ne: bayan kasuwa ranar da take ci, da gidan magajiya, inda goge ke tashi. Har cikin bori halin ya bar sawu, domin Ɗan Galadima, iskan nan ɗan sarki mai ado da kyauta, an san shi da son caca da ɓarnar dukiya. Wannan caca ba ta da lokacin tashi kuma ba ta da iyakar zubi. Mutum na tashi ne in aljihu ya ƙare, ya jinginar da hula da riga, ya ci bashin da ba mai ƙara masa.

Ita kuwa karta doguwar hanya ta biyo. A Sin aka fara ta, ta iso Masar zamanin daular Mamluk, daga nan ta tsallaka Turai wajen shekarun 1370. A 1377 mahukuntan Florence a Italiya har sun kafa dokar hana ta. A 1939 wani masani mai suna Leo Mayer ya gano wani tsohon kwalin kartar Mamluk a fadar Topkapi da ke Istanbul. Alamominsa huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan folo, wasan dawakin nan da Katsinawa suka riƙe tun zamanin Sarki Dikko. Babu hoton mutum ko ɗaya a jiki, sarki da mataimakansa da rubutu aka ambace su. Turawa ne suka zana musu fuska.

A Arewa, zamanin Turawa ne ya ba karta fili. An daina karɓar wuri, sule da kwabo suka maye gurbinsa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka samu barikin soja da Sabon Gari da sansanonin haƙar kuza a Jos, inda lebura ke karɓar kuɗinsa a dunƙule ranar biya, 'yan caca da makaɗa na jiransa a bakin layi. Bayan haka sai cacar ƙwallon Ingila ta takarda, sai injin kalo-kalo, wanda ya addabi mutane har gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta shi a 1977.

Shekara guda kafin wannan doka aka haifi Abuja a takarda. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da sabon babban birni, tsohon garin Abuja na zuriyar sarakunan Zazzau ya ba da sunansa ya koma Suleja. Gari ne da aka gina don ma'aikata da 'yan kwangila da baƙi, mutanen da iyalansu ke Legas ko Kaduna ko Jamus, dare kuma ya yi musu tsawo. Otal ɗin Nicon Noga Hilton ya buɗe a Maitama a 1987, tun gwamnati ba ta gama tarewa ba, don sai 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya baro Legas. Sheraton ya biyo baya a 1990. Dukansu biyu sun buɗe gidan caca a ciki. Na farkon ya koma Transcorp Hilton a 2005, na biyun ya zama Abuja Continental a 2022.

Cacar otal da foka ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. A teburin rulet, da gidan kake karawa, kuma lissafi na bayansa: faifan mai rami 37 yana biyan ninki 35 ne ga wanda ya dace, saboda haka a kowace naira 100 da aka zuba, gidan na da kusan naira 2 da kwabo 70 komai daɗewa. A foka 'yan wasa junansu suke ci, gidan ladan teburi kawai yake yanka. Shi ya sa ba ta buƙatar otal. Tebur, kwalin karta 52, kwabban roba da ke tsayawa a madadin kuɗi, shi ke nan.

Ta fuskar doka Abuja tsibiri ce. Daga 1999 zuwa 2001 jihohi 12 na Arewa, Zamfara a gaba, suka ƙaddamar da shari'a, cikinsu har da Neja, wato Suleja da ke bayan dutsen Zuma. A Kano, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a 2024. A cikin birnin tarayya kuwa kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ke ci, kuma ya tanadi hukunci ga mai riƙe gidan caca, sai wanda hukuma ta ba lasisi. Majalisar tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa a 2005, jihar Legas ta kai ƙara a 2008, aka yi shekara 16 ana jan magana, ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ba ta hau kan jihohi ba, a Abuja kaɗai take aiki. Mai gidan da ya mai da falonsa wurin da ake biyan sa ladan teburi, ya san da wace doka yake wasa.

A New Orleans ta Amurka aka fara jin labarin foka, farkon ƙarni na 19, da karta 20 kacal tsakanin mutum huɗu. Jiragen ruwan kogin Mississippi suka yaɗa ta. Nau'in da ya mamaye duniya yau, Texas Hold'em, majalisar jihar Texas ta amince a 2007 cewa garin Robstown ne mahaifarsa. Kowa a ba shi karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya, ana zubi tsakanin kowane mataki, mai biyar mafi ƙarfi ya kwashe, ko kuma wanda ya tsorata kowa har suka ajiye. 'Yan cacar Texas irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim da Crandell Addington suka kai shi Las Vegas a shekarun 1960.

A 1970 Benny Binion, mai gidan cacar Horseshoe, ya gayyaci gwanayen don a san wa ya fi. Aka yi kwanaki ana bugawa irin ta da, kowa na zaro kuɗi daga aljihu in na gabansa sun ƙare. Da aka gaji, babu hanyar gane zakara, sai aka koma jefa ƙuri'a, suka zaɓi Johnny Moss, aka ba shi kofin azurfa. Gasar duniya ta farko ke nan, kuma ba a teburi aka ci ta ba.

Shekara ta zagayo aka sake shiri. Mutum shida, kowa ya ajiye dala 5,000, aka ba su kwabbai daidai wa daida, aka ce wanda nasa suka ƙare ya tashi, ba dawowa. Moss ya sake ci, wannan karon da hannunsa, ya tafi da dala 30,000. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin farko: mai kuɗi da talaka da tsibi ɗaya suke farawa, kuma kowa ya san iyakar asararsa tun kafin ya zauna.

Sai dai ta zo da nata ciwon kai. In fita ba ta da dawowa, wayo shi ne a naɗe hannu, a yi ta ajiye karta ana jiran manya, sauran su cinye juna. In kowa ya yi wannan wayo, gari ya waye ba a motsa ba. Maganin shi ne zubin dole. A kowane rabo, mutum biyu da ke hagun mai rabo sai sun ajiye wani abu tun ba su ga kartarsu ba, na farko ƙarami, na biyu ninkinsa, kuma yana zagayawa kujera bayan kujera. A gasa, wannan zubi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana kunna agogo, duk lokacin da ya buga sai a ɗaga shi.

Lissafin ba wuya. A ce mutum takwas ne a wani falo a Gwarinpa, kowa da kwabbai 5,000, jimla 40,000. An fara da 25 da 50, wato kowa na riƙe da babban zubi ninki 100, akwai sararin yin dabara. Mai naɗe hannu a wannan mataki 75 kawai yake asara a zagaye. Duk minti 20 a hau: 50 da 100, 75 da 150, 100 da 200, 150 da 300, 200 da 400, 300 da 600. In an kai mataki na takwas, 400 da 800, zagaye ɗaya na cin 1,200, kusan rubu'in abin da ya fara da shi. Zama ya ƙare, ko ya buga ko agogo ya cinye shi. Bayan awa uku da minti 20 an kai 1,000 da 2,000, duk kwabban da ke teburin ba su wuce babban zubi ninki 20 ba, kuma masu shirya gasa sun daɗe da lura cewa a wannan kusurwa wasa ke mutuwa. Don haka mai shiri daga ƙarshe yake fara lissafi: ya raba jimlar kwabbai gida 20, ya samu zubin da za a tashi a kai, ya duba awa nawa gare shi, sannan ya jera matakala tsakanin farko da ƙarshen. Kuskuren sabon shiga shi ne ninka zubin a kowane mataki. Daga 50 zuwa 100 zuwa 200 zuwa 400 zuwa 800, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci gwaninta ta fita, an koma watsa wuri. A babbar gasar Las Vegas kowane mataki awa biyu ne, kowa na farawa da 60,000, shi ya sa take cin fiye da mako.

Babu garin da wannan agogo ya dace da shi kamar Abuja. Mutanen da ke aiki tare a sakatariya ba unguwa ɗaya suke kwana ba. Wannan Lugbe, wancan Kubwa, wani sai ya tsallaka Nasarawa ya kai Mararaba. An kori 'yan acaba daga tsakiyar birni tun 2006, motar haya da dare kuma kowa na tsoron faɗawa hannun 'yan fashin wan cans, ga rukunin gidaje da ke rufe ƙofa in dare ya raba. Wasan da aka fara bayan isha'i ya zama dole a san ƙarfe nawa zai tashi.

Abin da ya fito da gasar daga Las Vegas ya kai ta falon mutane ya faru ne a 2003. Wani akanta daga Tennessee, sunansa na yanka Chris Moneymaker, ya samu kujera a babbar gasar ta hanyar wata ƙaramar gasar intanet da bai biya ko dala 100 ba, ya doke mutum 838, ya ɗauki dala miliyan 2.5. Talabijin kuwa ta riga ta samu 'yar kyamarar da ke nuna wa mai kallo kartar da ɗan wasa ya ɓoye. Bayan shekara uku mahalarta suka kai 8,773, a 2024 suka kai 10,112. A 2001 Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb sun kafa ƙungiyar alƙalan gasa don dokoki su zama bai ɗaya, kuma dokokinsu ne masu wasan gida ke kwaikwayo ko sun sani ko ba su sani ba. Fim ɗin James Bond na 2006, Casino Royale, ya ƙarasa tallan.

Da gasar ta shiga gida sai ta ci karo da abin da Binion bai damu da shi ba, wato kunya. Aboki ya keto gari daga Karu, ya zauna minti 15, kwabbansa sun ƙare. A bar shi yana kallon bango har sha biyun dare? Daga nan sake saye ya samu karɓuwa: wanda ya ƙone ya biya kuɗin shiga karo na biyu, a ba shi sabon tsibi. Masu tsari sun yi masa shinge. Ana buɗe shi ne a awa ta farko kawai, matakai uku in minti 20 ake yi. Sai tsibin mutum ya ƙare, ko ya yi ƙasa da na farko, yake da izini. In an je hutu, kowa na da damar ƙari sau ɗaya, daga nan a rufe ƙofa. Wasu gidajen na ƙayyade sau ɗaya ko biyu ga kowane mutum, kuma su ne masu hankali.

Ga abin da yake yi wa lissafi. A teburin nan na mutum takwas, in an sake saye sau shida, kowa kuma ya karɓi ƙari, kwabbai sun tashi daga 40,000 zuwa 110,000. Wasan ba zai mutu ba sai babban zubi ya kai wajen 6,000, ƙarin matakai uku ke nan, awa guda cur, mutumin Mararaba ya kwana a kujera. Ta ɓangaren aljihu abin ya fi muni. In naira 10,000 ce kujera, tukunyar da za a raba wa na ɗaya da na biyu da na uku, bisa al'adar kashi 50 da 30 da 20, ta tashi daga 80,000 zuwa 220,000, kuma wanda ya fito gida da niyyar 10,000 na iya komawa da ramin 40,000. Kama da adashi ne a zubi, amma a adashi kowa na da ranar kwasarsa, a nan biyar daga cikin takwas ba su da ita.

Sake saye ita ce kafar da tsohuwar caca ke dawowa ta ciki. Yanayin wasan ma canzawa yake yi: a awar farko mai kauri a aljihu na tura duk tsibinsa da kartar banza, don ya san in ya faɗi zai sayi wani, mai zubi ɗaya kuwa na rawar ɗari. Da can aljihu ne birki, in ya ƙare an tashi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kowa ya saba da tura kuɗi ta waya, birkin ya tsinke. "Ba ni lambar akawun" ta maye gurbin jinginar da hula, garin neman gira a rasa ido.

Ga mai karatu Musulmi, babu wani tsari da ke sauya hukunci. Alƙur'ani ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, ya haramta su a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, ya kuma faɗi dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga salla. Cacar Larabawan jahiliyya ma tana da tsari mai kyau, kibau goma, bakwai masu rabo uku babu, a kan naman raƙumi, tsarin bai cece ta ba. Da agogo ko babu agogo, in an zuba kuɗi wani ya kwashe, caca ce. In babu kuɗi, malamai sun saɓa: wasu sun ƙi karta ɗungurungum, wasu sun yi sassauci muddin ba ta ci lokacin salla ba. Abin lura shi ne gasa, saɓanin cacar gargajiya, tana tafiya sarai ba tare da sisi ba, domin kwabban roba da matakan zubi su ke matsa ɗan wasa, kuma zakara na fita ko da kofin shayi ne ladansa. Sake saye ne kaɗai ba ya da ma'ana sai da kuɗi.

Su kansu masu sana'ar sun gane haka. A gasar duniya ta 2006, a wani rukuni na dala 1,000 da aka bar ƙofar a buɗe, ɗan Kanada Daniel Negreanu ya sake biya sau 48, kusan dala 50,000 a wasa guda. Ƙorafi ya yi yawa cewa ana sayen kambu da kuɗi, a 2009 masu gasar suka soke rukunan sake saye gaba ɗaya. Daga baya sun buɗe wata 'yar taga a ƙananan rukunai, inda wanda aka fitar zai iya yankar sabon tikiti ya koma wani teburi. Babbar gasar dai ba a taɓa ta ba: kujerarta dala 10,000 ce tun 1972, sau ɗaya ake saye, wanda kwabbansa suka ƙare sai baɗi.